Ƙarfen Celestine Mai Naɗe Fiffike

Duk wanda ya zauna a layin da ke bayan tsohuwar loko, wato ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, a Sabon Garin Zariya, ya san Celestine ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai farar singileti da wandon kaki, wanda kullum akwai tsumma a aljihunsa na baya. A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa akawu ne a tashar jirgi. Ya yi makarantar mishan a zamanin da ake duba farce da bayan kunne kafin a duba lissafi, daga nan ya shiga loko koyon gyaran kan jirgi. Da tashin hankali ya zo ya bi iyayensa Gabas, ƙasar da aka ce masa ita ce tasu, ya zauna a cikinta kamar baƙo. Ana gama yaƙin basasa ya dawo da abu biyu, amaryarsa Clementina da akwatin sifanunsa, ya kuma ƙudura a ransa cewa a Zariya za a binne shi.

A loko akwai wani tsohon Bayerabe, Baba Tunde, shi ne shugaban masu gyara. Doka ɗaya ya dasa wa Celestine a ka, game da zare, wato tsagin nan da ke zagaye jikin ƙarfe inda ake murɗa noti.

"Kowane zare ka wanke shi," in ji Baba Tunde, "ka shafa masa giris, ka ɗaure shi yadda wanda zai zo bayanka zai kwance ba tare da ya zagi uwarka ba."

Celestine ya riƙe wannan magana fiye da yadda ya riƙe katakizim ɗin coci. Har jirage suka daina zuwa, ciyawa ta rufe layin dogo, ya yi ritaya ya buɗe rumfar walda a ƙofar gidansa, bai taɓa murɗa busasshen noti ba. Ƙafafun gadonsu da giris. Injin markaɗen maƙwabciya, in ya wuce ya ji yana kuka, sai ya koma gida ya ɗauko gwangwaninsa ba tare da an roƙe shi ba. Clementina takan ce a duk gidan abu ɗaya ne ya manta bai shafa wa giris ba, gwiwoyinta.

Gwiwoyin kuwa ruwa ne ya cinye su. A da famfon Sabon Gari yana zuba har yara su yi wanka a bakin titi. Zuwa farkon shekarun dubu biyu, in ka buɗe shi sai ya yi tari, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru. Rijiyar tsakar gida tana ƙafewa tun kafin bazara ta kankama. 'Yan ga-ruwa ba sa son shigo da kura layin saboda yashi, don haka Clementina ce ke fita bakin titi ta jido jarkoki, tana tsayawa hutawa a kowace ƙofa.

A Samaru kuwa lokacin burtsatse ake yayi. Kowa ya gina ɗakunan hayar ɗalibai sai ya kira injin haƙa. Celestine yakan hau bas ya tafi kallon injinan nan kamar yadda wasu ke zuwa kallon ƙwallo, ya tsaya hannu a baya, yana girgiza kai. A can ya san Sati, wani ƙaton mutum mai yawan dariya daga wani ƙauye bayan Shika, wanda ke zaune a Hayin Dogo. Sati yana da injin haƙa a bayan tsohuwar motar roka, kuma sifana ɗaya ya yarda da ita a duniya, guduma.

Ga yadda matsalar layin su Celestine take. Injin haƙa yana juya dogon jerin sandunan ƙarfe, kowace an murɗa ta cikin 'yar'uwarta, a can ƙarshensu kuma akwai baki mai haƙora da ke cin ƙasa. A Samaru ƙasa marmara ce, rami yana tsayawa da kansa. A haƙa, a zare sanduna, a zura bututu, shi ke nan. Layin su Celestine kuwa a kan tsohon kwari yake, ƙarƙashinsa yashi ne zalla. Da an zare sanduna sai ramin ya rufta kafin bututu ya shiga. Sati da kansa ya gwada a gidan wani maƙwabcinsu, ya bar wa mutumin kududdufin laka da haƙuri. Maganin shi ne bututu ya riƙa bin bakin a baya tun ana haƙa, yana tare yashi. To amma sai bakin ya fi bututu faɗi kafin ya share masa hanya. In kuwa ya fi shi faɗi, ta ina zai fito in an gama?

Amsar ta zo wa Celestine wata Lahadi a ƙofar coci, ana ruwa. Clementina ta iso da lemarta a buɗe, ƙofa ta yi mata kaɗan, ta naɗe lemar ta shige. Shi kuwa ya tsaya a waje, ruwa na dukansa.

"Baban Chinwe, ka shigo mana!" ta ce daga ciki. "Ko wankan da ba ka samu a gida ba kake ramawa?"

Bai ji huɗubar ranar ba. Da suka koma gida ya wargaza lemar don ya ga yadda haƙarƙarinta ke aiki, kuma ba ta sake zama lema ba har abada.

Daga guntun ƙarfen gatarin da ke riƙe ƙafafun tsohon tarago ya sassaƙa sabon bakin haƙa, a injin wani abokinsa da ke Muciya. Baki ne mai fikafikai uku, kowane yana lilo a kan ƙusarsa. In an juya shi dama, ɓangaren da ake haƙa, sai fikafikan su buɗe su fi bututu faɗi. In an juya shi hagu sai su kwanta a jikinsa, ya tsuke, a zaro shi ta cikin bututu kamar takobi daga kube. Ya yi masa walda da guntun sanda mai mariƙi, ya cika rabin duro da yashi, yana gwadawa da hannu. Dama, ya buɗe. Hagu, ya naɗe. Bai taɓa ƙi ba. Sai dai a duk gwajin nan sanda ɗaya ce tilo mai walda tsakanin hannunsa da ƙarfen, babu mahaɗar zare ko guda, shi kuma bai ga dalilin da zai sa ya yi tunanin haka ba.

Wani zai ce aiki ya ƙare. Celestine bai ce ba. Yau ƙusa ta yi sako-sako da kaurin gashi, gobe fiffike ɗaya ya riga 'yan'uwansa kwanciya. Damina ta wuce, wata ta zo. Clementina ta raɗa wa ƙarfen suna Auta, tun da 'yarsu ɗaya tilo, Chinwe, ta yi aure ta tafi Onica.

"Ya Auta?" takan ce in ta sauke jarka tana haki. "Ya fara tafiya, ko har yanzu rarrafe yake?"

"Maman Chinwe, ƙarfe ba ya son gaggawa."

"Ni ma ba na son ta. Shi ya sa nake tafiya a hankali."

A Kirsimatin shekarar dubu biyu da shida Chinwe ta zo gida, ta ga yadda uwarta ke dafa bango kafin ta miƙe. Ta ce ta gyara mata ɗaki a Onica, da famfo a cikin ɗakin, sai ta zo. Celestine ya ce iskar can ba ta karɓar sa. Chinwe ta ce ai ba shi aka gayyata ba.

Bayan ta tafi, Clementina ta jawo akwatin aurenta daga ƙarƙashin gado, ta goge shi, ta ajiye a falo kusa da rediyo. Ta saka zani ɗaya a ciki.

"Wannan fa?"

"Ista," ta ce. "In Ista ta zo babu ruwa a tsakar gidan nan, ni da akwatin nan mun tafi. Ba faɗa ba ne, Baban Chinwe. Ka zauna da Auta, ya dafa maka tuwo."

Ya san ta. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana. Duk Lahadi in sun dawo coci sai ta ƙara zani ɗaya a akwatin, ta rufe. Ya zauna ya auna abin yadda ya saba auna ƙarfe. In ta tafi, ko dai ya bi ta ya mutu baƙo a ƙasar kakanninsa, ko ya zauna shi kaɗai a gidan da ya shekara talatin da wani abu yana jin motsinta. Ya duba Auta, sai ya ga ashe ƙusoshin nan ba su da wani laifi. Ya yanke mariƙin walda, ya fitar wa ƙarfen zare mai kyau daidai da sandunan Sati, ya naɗe shi a buhu ya hau bas ɗin Samaru.

Sati ya jujjuya shi a hannu, ya buɗe fikafikan, ya rufe, ya yi dariya har da dukan cinya.

"Baba, wannan ai jemage ka ƙera!"

Suka shirya a kan Sati zai haƙa rijiyar, in an gama Auta ya zama nasa, ya shiga da shi duk unguwannin yashi da sauran masu haƙa ke gudu.

Makon da ake shiga Ista rokar ta shigo layin da baya, tana kankare katangun mutane. Mutanen Sati suka sauke sanduna. Celestine ya durƙusa ya duba bakin ɗaya, ya duba na biyu, ya miƙe kamar wanda ya ga gawa. Zaren duk tsatsa ne da busasshiyar laka.

"Sati, yaushe rabon sandunan nan da giris?"

"Giris? Baba, tun da na saye su ba su taɓa roƙo na ba."

"To yaya kuke kwance su?"

"Guduma. In ta ƙi, mu hura mata wuta. In ta ƙi, mu zage ta."

"Ba za a ɗaura Auta a kan wannan ƙazanta ba."

"Haba Baba, ka bar su, sun saba! Gobe-jibi ana jira na a Shika, ga hadari ya fara leƙowa."

Celestine ya nufi rumfarsa. Ya ɗauko kananzir da burushin ƙarfe da gwangwaninsa. Yini guda injin Sati ya yi a tsaye, mutanensa na kwance a inuwar mangwaro suna cin gyaɗa, dattijo na bin zare ɗaya-ɗaya yana wankewa yana shafawa. Zaren da ke haɗa Auta da sanda ta farko shi ya fi samun gata. Ya wanke shi har yana ɗaukar ido, ya cika shi da giris, ya murɗa shi da hannu ya shige sumul, ya ɗan ja shi da sifana daidai yadda Baba Tunde zai so.

Washegari aka tayar da inji, duk layin ya taru. Auta ya buɗe fikafikansa ya nutse cikin ƙasa, bututu na bin sa. Ya wuce jar ƙasa, ya shiga yashin da ya kunyata Sati a baya, yashin ya matso ya tarar da bututu ya tare ko'ina. Sati ya daina dariya, ya fara kallon dattijon da wani irin ido. Clementina ta fito da kujerarta ta zauna a bakin kicin, hannu a kan gwiwa. Can da rana ta karkata muryar injin ta sauya, ya fara cin ruɓaɓɓen dutse. Iskar da injin ke turawa cikin ramin ta fara dawowa da danshi, sai laka, sai kawai ruwa ya yi tsalle sama ya jiƙe shanyar maƙwabta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ruwan ya fito ja, ya koma ruwan ƙasa, ya fara washewa.

Celestine bai kalli ruwan ba. Kowa ya iya samo ruwa. Abin da ya shekara yana jira shi ne na gaba.

"Sati," ya ce, "juya hagu."

Sati ya ja ƙarfen juyi. Sandunan suka juya baya. Aka ji sun ɗan yi nauyi, sai kuma suka saki, suna juyawa sakayau.

"Ya naɗe!" in ji Celestine. "Kun ji? Ya naɗe. Ku zaro."

Aka fara zaro sanduna. Mutanen Sati na kwance su da hannu ɗaya suna mamaki, wani har yana cewa bai taɓa aiki mai daɗin wannan ba. Sanda ta ƙarshe ta fito. A bakinta babu komai sai zare, tsaf, yana ƙyalli da giris, ko ƙwarzane babu.

Ba sai an yi wa Celestine bayani ba, yana ganin zaren ya gane. Juyin hagu da zai naɗe fikafikai shi ne kuma juyin da ke kwance zare. A can ƙasa yashi ya cushe fikafikan, suna neman ƙarfi kafin su kwanta, zaren kuwa ba ya neman komai. An ɗaure shi yadda na baya zai kwance ba tare da zagi ba, ya kuwa kwance.

Sati ya shafa zaren da yatsa, ya duba yatsan.

"Baba," ya ce a hankali, "da ka bar mini tsatsata, wannan ko da wuta ba zai saki ba."

"Na sani."

"Ni ban sani ba fa, sai yanzu."

Suka sake zura sanduna ko zaren zai kama. Auta ya riga ya kishingiɗa, yashi ya cika masa baki, sanda sai ta dunguri ƙarfe ta zame. Suka gwada har Sati ya jiƙe da gumi. Daga nan ya ja Celestine gefe, amma da yake Sati bai iya raɗa ba, duk tsakar gidan ta ji.

"Hanya ɗaya ce. Mu zare bututun duka, rami ya buɗe, mu zura ƙugiya mu kamo shi. Ni ina so, ai nawa ne. Amma ka san yashin nan, da bututu ya fita zai rufta. Wataƙila mu samu ƙarfen, rijiya dai ta tafi. Ni kuma daga nan sai Shika, ba ni da dawowa layin nan sai bayan damina."

"In an bar shi fa?"

"In an bar shi, bututu na zaune a kansa daram. Ruwa na shigowa. Gobe a sa famfo."

Celestine ya leƙa bututun. Duhu ne, sai wani ɗan haske can ƙasa yana rawa. Ƙarfen gatarin ya ƙare, abokinsa na Muciya ya sayar da injinsa, idonsa ma ya fara gajiya da ƙananan awo. Ba zai sake ƙera wani ba. Kuma duk taron nan babu wanda ya ga Auta ya naɗe a cikin ƙasa. Sun ga ya shiga, kowane ƙarfe kuwa yana shiga.

Ya ɗago. Clementina ta taso daga kujerarta, tana dafa bango, ta zo ta tsaya da bokiti a hannu. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ambaci akwati ba. Ta ƙofar falo da ke buɗe ana hango shi kusa da rediyo, ya cika har murfin ba ya rufuwa sosai.

Ya zaro tsummansa ya goge hannuwansa, yatsa bayan yatsa.

"A sa famfo," ya ce.

"Baba, jemagena fa?"

"Yana nan. Ka san inda yake. Ba wanda zai sace maka shi."

Ranar Ista Clementina ta je coci da zanin da ke saman akwatin. Sauran ta mayar da su durowa ɗaya-ɗaya, ba gaggawa, yadda ta saka su. Akwatin ya koma ƙarƙashin gado, bai sake fitowa ba sai da rufin kicin ya fara yoyo, kuma a wannan karon zani biyu kawai ya ci.

Rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Duk layin a nan suke ɗiba, 'yan ga-ruwan da ba sa shigowa da kura saboda yashi suka gano ashe yashin ba shi da yawa. Sati ya riƙa ba da labarin a Samaru, kowace shekara fikafikan na ƙara yawa, amma sandunansa ya bar su suka koma tsatsarsu, ya ce yanzu yana da dalili. Celestine kuwa kowace Asabar yakan kwance notunan famfon, ya wanke, ya shafa musu giris, ya mayar. Ba a taɓa jin ya ce dokar Baba Tunde ta yi kuskure ba. Ya dai ce Baba Tunde bai taɓa juya jirgi hagu ba.

In baƙo ya zo, ya sha ruwan ya yaba, sai dattijon ya ja shi bakin famfo, ya nuna masa ƙasa da yatsa, ya kwatanta masa da tafin hannu yadda fikafikan ke buɗewa da yadda suke kwanciya. Baƙon yakan tambaya, to ya naɗe ɗin kuwa?

"Yana naɗewa," in ji Celestine. "A duro bai taɓa ƙi ba."

Clementina kuma daga bakin kicin, tana ɗauraye kwanoni da ruwa har yana zuba ƙasa, sai ta ce, "Baban Chinwe, ka ƙyale bawan Allah ya sha ruwansa. Auta na aiki, kada ka tashe shi."